Mota ɗaya, makulli uku: a daidaita ko a sauya?

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Sabon Birni ko ta Isa da sassafe, lokacin da ake ɗaure buhuna ana jiran lodi ya cika, in ya kai ido hannun direbobi zai ga wani abu da ya zama ruwan dare har an daina lura da shi: mota ɗaya, makullai uku ko huɗu a zobe guda. Wannan na yi wa mota ki, wancan na gambun direba, na uku na but, wani lokaci har da na ƙaramin kwaɗo irin na ɗaki, wanda mai walda ya liƙa wa mariƙi a bayan motar. Gambun fasinja kuwa galibi babu makullin da ke juya shi, sai direba ya shiga ta nasa gefen ya miƙa hannu ya buɗe ta ciki. Alhali motocin nan, Golf da Sharon da Carina da tsofaffin Fijo, galibinsu da makulli ɗaya tilo suka baro inda aka ƙera su. Idan mai mota ya gaji da wannan tarin ƙarfe ya nemi shawara, amsa biyu zai ji. Wasu za su ce ya sayi sabon saiti gaba ɗaya, a cire tsofaffin a zubar. Wasu su ce a kwance gidajen makullin gambuna a daidaita cikinsu da makullin ki, komai ya koma kan makulli ɗaya. Ni ina tare da na biyun, amma da sharaɗi mai nauyi, domin akwai wani aiki da ake yi da sunan daidaitawa wanda ya fi barin motar yadda take muni, kuma masu cewa a sauya suna da hujjojin da ba a ture su da fatar baki.

Yadda makullan suka taru shi ke nuna wace irin mota ake magana a kai. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000. Golf ta uku, wadda ta zama jakar hanyoyin karkara a Arewa, ta fara fitowa a Jamus a 1991, Sharan da muke kira Sharon kuma a 1995. Da yawansu sun gama rayuwa guda a Turai kafin su sauka a Kwatano ko Legas su bi hannun dillalai. Daga nan hanyar samun wata ta yi ta ƙuntata. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, aka rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, dala da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Ga Bagobiri, wanda danginsa ke Tsibiri da Gidan Rumji a Nijar, wanda kasuwar Maraɗi ta fi ta Kano kusa da shi, kowane rufe iyaka tsadar kayan gyara ne. Saboda haka ba a yar da mota. Gambu ya lotse a karo, a samo na wata matacciya daga Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya zo da gidan makullinsa. Ɓarawo ya cusa sukudireba ya murɗe na but, a sa wani. Ki ya ɓace ranar kasuwa, a sauya makunni a bar gambuna yadda suke.

Abin da ake gardama a kansa bai wuce babban yatsa girma ba. In aka zare gidan makullin gambu, za a ga bututun ƙarfe da wata zuciya mai juyawa a ciki. A jikin zuciyar akwai tsagogi a jere, shida ko takwas ko goma gwargwadon irin motar, kowace tsaga da ɗan fallen tagulla siriri mai taga a tsakiya, da ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa ba yana tura shi waje. Muddin falle ɗaya ya leƙo, yana saƙale da bututun, zuciyar ba za ta motsa ba. Makulli na ratsawa ta tagogin, haƙoransa su janyo kowane falle daidai gwargwado, in duk suka kwanta daidai da jikin zuciyar sai ta juya ta ja sandar da ke buɗe gambu. Tagogin ba a tsayi ɗaya suke ba, yawanci iri huɗu ne, kuma a motoci da dama an buga wa kowane falle lambarsa, daga 1 zuwa 4. Daidaitawa ita ce a zura makullin ki a zuciyar gambu, a duba fallayen da suka leƙo, a cire su, a sa masu lambar da ta dace. Sau da yawa musanya wuri kawai ake yi tsakanin waɗanda ke ciki, abin da ya rage a cike da na wani mataccen gidan makulli irinsa. A Golf ta uku gidan makullin a cikin mariƙin gambu yake, sukuru ɗaya ne a gefen gambun, a kwance shi mariƙin ya fito gaba ɗaya. Aiki ne na haƙuri da ido, da farin ƙyalle a shimfiɗe don kada sifirin ya yi tsalle ya ɓace cikin rairayi.

Masu cewa a sauya ba da ka suke magana ba. Hujjarsu ta farko ƙarfen ne kansa, domin tagulla na cinyewa. A ƙasar da iskar hunturu ke cusa ƙura ta kowace kafa wata uku ko huɗu a shekara, aka kuma saba ɗura baƙin mai a ramin makulli in ya yi tauri, ƙurar da man sukan haɗu su zama wani kwaɓi da ke goge fallaye kamar magagari. Makullin ma an yanke shi daga wani da ya riga ya suɗe, shi ma daga wani, kowane yanka na ƙara nasa kuskuren. Sukan ce jera sababbin fallaye a zuciyar da tsagoginta suka buɗe kamar yaɓe ne a katangar da ruwa ya ci gindinta. Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi: wa ya san makulli nawa ke yawo? Motar haya ta bi hannun dillali, da mai ita na farko, da direbobi biyar ko shida, da yaran mota, ta kwana a gareji ba sau ɗaya ba, kuma yankan makulli aikin 'yan mintoci ne. Sabon saiti na kashe waɗannan makullai duka a rana ɗaya. Sai kuma zancen gwani. Sabon saiti kowane bakanike zai ɗaura shi, daidaitawa kuwa sai wanda ya iya, kuma irinsu sun fi yawa a Sakkwato da Gusau da Maraɗi. Direban da ke da balas a wuyansa kullum, wanda in bai fita ba ba a ɗora tukunya a gidansa, ba zai ajiye mota kwana biyu yana jiran mai gyaran makulli ba.

Raunin wannan ɓangare yana cikin kalmar sabo. Mota mai shekara talatin, saitin makullanta na ainihi ba ya isowa kasuwarmu a farashin da direban haya zai iya. Abin da ake samu a leda mai ƙyalli kwaikwayo ne, wani da dama-dama, wani kuwa tun a tafin hannu za ka ji ba nauyi, makullin na rawa a cikinsa tun ranar farko. In kuma saitin ɗan Beljiyam ne da aka kwance daga wata motar, to sa'an naka ne a shekaru, shi ma ya sha tasa wahalar. Amma babbar matsalar tana wajen ki. Cikakken saiti yana nufin a taɓa makunni, shi kuwa a haɗe yake da harshen ƙarfen da ke kulle sitiyari. A wasu motocin zuciyar makunnin kan fito cikin sauƙi in makullinta na nan yana juyawa. In ba haka ba sai an kwance gidan gaba ɗaya, kuma da gangan aka ɗaure shi da kusoshin da kawunansu ke karyewa idan an gama ɗaurewa, don kada ɓarawo ya kwance da sifana. Fitar da su sai da kurfi da guduma ko abin huda ƙarfe. Wanda ya yi wannan aiki da gaggawa yakan bar sitiyari ba ya kulluwa kuma, mai mota bai sani ba, tunda ba kowa ke murɗa sitiyari ya gwada ba bayan ya zare ki.

Motocin da suka fito daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama suna da wata ƙarin wahala. Tun 1998 doka ta wajabta wa sababbin motoci a Tarayyar Turai na'urar hana tashi: wata ƙwaya 'yar ƙarama a cikin robar kan makulli, wadda zoben waya da ke kewaye da makunni ke karantawa, in ƙwaƙwalwar injin ba ta gane ta ba, ko an juya ki motar ba za ta kama ba. Wannan ƙwayar ba ado ba ce. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun wallafa bincike a 2016 da ya ƙiyasta cewa ta rage satar motoci da kusan kashi 40 cikin 100. Fijo 406 da Sharon da Golf na ƙarshe-ƙarshe sun zo da irin wannan tsaro. To in aka sa sabon makunni, dole a mayar da tsohuwar ƙwayar cikin sabon makulli, ko a sa kwamfuta a gabatar wa injin da sabuwa. Hanyar da aka fi bi saboda sauƙi ita ce a fasa tsohon makulli, a ciro ƙwayar, a naɗe ta da salatif a jikin zoben wayar, a mayar da murfi. Mota ta tashi, kowa ya watse yana murna, amma daga ranar duk ƙarfen da ya iya juya makunnin zai tayar da ita. Mai mota ya biya kuɗi don ya ƙara tsaro, ya koma gida ba tare da mafi ƙarfin tsaron da motarsa ke da shi ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin gambuna ne ya kamata su bi ki. Makunnin da ke aiki lafiya a bar shi ya huta.

Zancen makullan da ke yawo gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye cewa daidaita gambuna da tsohon ki yana ƙara wa mai riƙe da kwafinsa dama ba: da can makunni kawai yake iya juyawa, yanzu har gambu. Sai dai a rarrabe tsakanin zato da abin da aka sani. In an sace makulli, ko an rabu da direba baram-baram bai dawo da na hannunsa ba, ko an ƙwato motar daga hannun ɓarayi, to tilas tsohon makulli ya mutu, har a makunni. Amma ko a nan ba dole sai sabon saiti ba. Gwani na iya sake jeren fallaye a makunni da gambuna da but, ya yanka sabon makulli a kan sabon jeren, ƙarfen masana'anta na nan, tsohon makulli ya zama banza. Inda daidaitawa ke tsayawa cak shi ne inda makullin ba ya ma shiga ramin. Kowane kamfani da siffar ramin makullinsa, kuma kamfani ɗaya ma yakan sauya siffa daga zamani zuwa zamani, don haka gambun da aka ciro daga Golf ta wata shekara na iya ƙin karɓar makullin 'yar'uwarta. A nan sai a nemi gidan makulli na gwanjo mai rami irin na ki, a daidaita shi, a ɗaura. Haka in bututun ya tsage, ko sukudireban ɓarawo ya yaga bakin ramin, ko zuciyar na lilo a cikin gidanta. Wannan guda ɗayan za a sauya, ba saiti ba.

Hujjar da ta fi damuna a kan ra'ayina ba daga masu sabon saiti ta fito ba, daga abin da ake yi ne da sunan daidaitawa. Mutum ya kawo gidan makulli, mai gyara ya zura ki, ya ga fallaye biyar sun leƙo. Maimakon ya nemo masu lambar da ta dace, sai ya zare su ya zubar, ko ya ɗauki zarto ya goge kawunansu har su yi daidai da jikin zuciyar. Cikin minti goma ki na juyawa sumul, mai mota ya yaba ya biya. Lissafin abin da ya rasa ba wuya. Falle takwas masu tsayi iri huɗu suna ba da jere 65,536 a ƙidayar takarda. In aka bar uku, jere 64 ne. In aka bar biyu, 16. In aka bar ɗaya, huɗu kacal, wato a tasha ɗaya ma za a sami makullai da yawa da za su buɗe wannan gambu, har da wutsiyar cokali in an dage. Fallen da aka goge da zarto shi ma ya daina tsare komai, ko da yana nan a zaune. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ya fi kwaɗon ɗakin nan da aka liƙa a but haɗari, domin kwaɗo ana ganinsa an san iyakarsa, shi kuwa wannan gambu yana kama da kulle. In zaɓin da ke gaban mutum tsakanin wannan ne da sabon saiti na kasuwa, to ya sayi saitin, ni ma na yarda.

Amma laifin mai zarto ba hujja ba ne a kan sana'ar, hujja ne a kan barin aikin a bayan ido. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Isa da Sabon Birni tun daga Risala, mai sana'a na ɗauke da lamunin abin da aka ba shi ya keɓe da shi, in ya lalace a hannunsa. Wanda ya cire wa makulli hanji bai faɗa ba ya ɓata dukiyar mutum, ko da ta fito tana sheƙi. Kuma gane aikin ba ya buƙatar ilimin kanikanci. A ƙidaya fallaye a kan ƙyalle kafin a fara, a ƙidaya kafin a rufe. A zare makulli daga zuciyar a ga ko duk sun leƙo. Bayan an ɗaura, a karɓi makullan motoci biyu ko uku irinta a tasha a gwada. Zancen nisan gwani ma yana da sauƙi fiye da yadda ake ɗauka, domin motar ba ta buƙatar zuwa ko'ina. Gidajen makulli uku na shiga aljihun riga, mai mota ya kai su da kansa ranar da dama zai shiga Sakkwato, motar na ci gaba da lodi ana kulle ta ta ciki. Abin da ba zan so ba shi ne a ba da su saƙo tare da ki a hannun wanda ba a sani ba. Ina ma ganin sana'a ce da ke jiran masu ita a garuruwan nan biyu: hannun da ke gyaran agogo ko wayar salula a bakin kasuwa ya riga ya saba da abin da ya fi waɗannan fallaye ƙanƙanta.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika sa shi a lissafi ba, masu cewa a bar makullan yadda suke, kuma maganarsu ta fi yadda ake zato hikima. Direba zai iya miƙa wa yaron mota makullin but ya je ya sauke kaya, ki na aljihunsa. Mai mota zai iya bar wa mai wanki na gambu ba tare da fargabar yaro zai ɗana motar ba. Rabon makulli rabon amana ne. Ba mu kaɗai muka ga haka ba: kamfanin General Motors na Amurka ya shafe shekaru da dama yana sayar da motocinsa da makulli biyu, mai kai murabba'i na ki, mai kai zagayayye na gambu da but. Na karɓi rabin wannan hujja. A motar haya, but mai makullinsa daban abu ne mai ma'ana, muddin makullin kirki ne kuma akwai na ajiya a gida. Abin da ban karɓa ba shi ne a kira haɗari tsari. Rabon da aka yi da niyya daban yake da zoben da ya taru saboda karo da sata da ɓacewa, inda makulli ɗaya ba shi da na biyu, gambu ɗaya ba shi da makulli ko ɗaya, wani kuma ba a ma tuna abin da yake buɗewa ba. Irin wannan zobe a ƙarshe yakan sa direba ya daina kullewa gaba ɗaya, don ya gaji da laluben wanne ne wanne.

Wani zai ce duk wannan zancen birni ne, a ƙasar da ake tare hanya da bindiga wane makulli ne zai yi magani? Ba zan raina wannan tambaya ba, domin masu yin ta sun binne 'yan'uwansu. A farkon Disambar 2021 aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa, a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, aka cinna mata wuta, mutum sama da 20 suka rasu. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Babu fallen tagulla da zai tsaya a gaban wannan. Amma rashin tsaron ya ƙara wa makulli aiki ne, bai rage ba. Tunda ba a tafiyar dare, motoci na kwana a tasha da kaya a ciki, a garin da direba ba shi da gida. Ranar Alhamis a Shinkafi ko Lahadi a Goronyo mota kan wuni a cikin cunkoso, mai ita na can cikin kasuwa. Direba kuma ɗan aike ne: kuɗi, magani, waya, takardun makaranta, duk ana damƙa masa, kuma lokacin da aka katse layukan waya a gabashin Sakkwato a Satumbar 2021 nauyin saƙo ya ƙara komawa kansa. A shari'a wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta sai in ya yi sakaci, kuma tambayar farko da dattawan tasha za su yi masa ita ce ko ya kulle. Mutumin da ya san gambunsa na buɗuwa da kowane makulli ba shi da amsa mai daɗi.

Saura ƙorafi ɗaya mai alaƙa da gaskiya a ciniki. Mai sayen tsohuwar mota yakan karanta tarihinta a zoben makulli: in na gambu ya bambanta da na ki, ya san an sauya gambu ko makunni, sai ya tambayi dalili, karo ne ko sata. Daidaitawa na goge wannan alama, kuma ɓarawon mota ma zai so a goge masa ita. Haka ne. Sai dai sabon saiti ma yana goge ta, don haka wannan ba hujjar wani ɓangare a kan wani ba ce. Aibin da ya wajaba a bayyana shi ne karon da motar ta yi, kuma wajibcin na kan mai sayarwa ko makulli ɗaya ne ko goma. Shaidar halaccin mota lambar shasi ce da ta inji da takardun kwastam. Nauyin da ke kan mai gyaran makulli shi ne kada ya yi wa motar da ta zo ba ki sabon makulli sai ya ga takardu ya kuma san mai ita, musamman a bakin iyaka, inda mota kan iya kwana a wata ƙasa kafin mai ita ya gama kai rahoto.

Abin da ɓangarorin duka suka yi shiru a kansa shi ne ɗaya fuskar gambun. Ana ta muhawara kan yadda za a hana buɗe shi daga waje, alhali a motocin haya da yawa ba ya buɗuwa daga ciki. Mariƙin ciki ya karye an bar waya ko igiya, ko babu komai, fasinja sai ya zura hannu ta taga, in kuma abin sauke gilashi ya ɓace sai ya jira direba ya zagayo. A Golf da aka cusa wa mutum huɗu a baya da biyu a gaba, a hanyar da mota kan kife a rairayi, ta faɗa ruwa da damina a fadamun Rima da Bunsuru, ko ta kama wuta da jarkar fetur a but, wannan gambun tarko ne. Sandar da ke haɗa mariƙin ciki da abin kama gambu tana wuri ɗaya da sandar gidan makulli, a bayan fallen kwali ɗaya, kuma sau da yawa abin da ya lalace ɗan maɗaurin roba ne da bai kai kuɗin litar fetur ba. Duk ranar da aka kwance gambu don makulli, daidaitawa aka zaɓa ko sauyawa, kada a mayar da kwalin sai mutum ya zauna a kowace kujera, an rufe, an kulle, ya ja mariƙin ciki da hannu ɗaya ya ga gambun ya buɗe. A gambunan baya kuma a duba ɗan maɓallin hana yara buɗewa da ke gefen ƙarfen, domin in ya maƙale a kulle, mariƙin ciki ko sabo ne ba zai yi aiki ba.